Malam Abdullahi na Gwandu, Wazirin da Ya Rubuta Labarin Kansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, yawancin manyan mutane sai bayan sun ƙaura ne almajirai da masoya kan tattara labarinsu, kowa ya faɗi abin da ya ji. Kaɗan ne Allah yake ba ikon ɗaukar alƙalami su rubuta da hannunsu abin da suka gani da abin da ya dami zukatansu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, yana cikin waɗannan kaɗan ɗin. Ya bar littattafai biyu da ya ba da labarin kansa a cikinsu, watau Ida'un Nusukh, wanda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu, da kuma Tazyinul Waraƙat, wanda ya kammala a shekarar 1228 ta Hijira, daidai da 1813. A cikin na biyun ya tattara waƙoƙinsa na Larabci, kowace waƙa ya gabatar da ita da bayanin dalilin da ya sa ya yi ta, har littafin ya zama tarihin rayuwarsa da na jihadi gaba ɗaya.

An haifi Malam Abdullahi a wajejen shekarar 1766, Shehu ya girme shi da kamar shekara 12. Gidansu gidan malamai ne na Toronkawa, waɗanda kakanninsu suka taso daga Futa Toro. Ya yi karatun Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, sa'ad da ya kai shekara 13 kuwa sai aka danƙa shi a hannun wansa. Wanda ya duba Ida'un Nusukh zai ga littattafan da har yau ake karantawa a zaurukan malamai: Ishiriniya da Witiriya da Shu'ara, Ajurumiya da Mulha a nahawu, Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, da littattafan Sanusi a tauhidi. Ya saurari tafsiri a bakin Shehu daga Fatiha har ƙarshen Alƙur'ani ba sau ɗaya ba. Shi da Shehu tare suka karanta Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, sa'an nan ya ɗauki usulul fiƙihu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umar.

Tun da Shehu ya fara fita wa'azi, Abdullahi bai rabu da shi ba, a Kabi da Zamfara da Gobir. Shi ne harshen jama'a in ana son mayar da jawabi. Sa'ad da wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya yi waƙa yana sukar halartar mata a majalisin wa'azi, Shehu ya umarci ƙanensa ya amsa masa. Abdullahi ya amsa da waƙa, ya nuna cewa ba a cakuɗa maza da mata, kuma barin mata cikin duhun jahilcin addininsu ya fi munin abin da ake jin tsoro. Yana wurin kuma a Magami a 1788, ranar babbar salla, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya ba su dukiya, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji.

Da al'amari ya ɓaci tsakanin jama'a da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya shugabanci runduna a Tafkin Kwatto a wannan shekara, inda Allah ya ba jama'a nasara duk da ƙarancin dawakinsu. A 1805 kuma yana cikin shugabannin da suka ci Birnin Kabi. Amma nasara ba ta zo ita kaɗai ba. A Tsuntsuwa an yi asarar mutane masu yawa, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar 200, a Alwasa kuma aka sake rasa wasu zaɓaɓɓu.

A nan ne darajar Tazyinul Waraƙat take fitowa, domin mai littafin bai rufa wa mutanensa asiri ba inda ya ga sun kauce. Ya duba ya ga abokan karatunsa da suka fito domin Allah sun yi shahada, waɗanda suka cika sahu bayansu kuwa da yawa hankalinsu yana kan ganima da sarauta da dawaki da tufafin ado. Ya ga ana taɓa dukiyar waɗanda aka ba amana, ana yi wa umarni kunnen ƙashi. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. A shekara ta huɗu bayan hijira, wajejen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alkalawa, sai ya bar runduna, ya bar gida da iyali, ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina. Ya shiga daji da abokai biyar, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye, har Allah ya kai su Kano.

Mutanen Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi da roƙo ya koya musu yadda ake tsayar da shari'a. Da farko ya ƙi, domin ya ga abin da ya gudo wa shi ne ya tarar a can. Da suka matsa, sai ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkam, wanda ya bayyana haƙƙoƙin shugaba da na alƙali da na talakawa, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari cewa sun gyara, har sun farfasa kayan kiɗa, sun mai da kwarangwal ɗin ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiya, ya koma wurin Shehu. Alkalawa ta faɗi a 1808, a 1812 kuma Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas.

Mulki bai raba shi da alƙalami ba. A 1815 ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awil, daga baya ya taƙaita shi cikin Kifayatu Du'afa'is Sudan domin masu ƙaramin karatu. Ya tsara nahawu cikin waƙa a Baharul Muhit, ya tsara sarfu a Hisnur Rasin.

Jarrabawa mafi girma ta zo masa a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato, Abdullahi yana Boɗinga, kafin ya iso an riga an yi wa Bello mubaya'a. Wanda ya yi shekara kusan 40 yana gefen Shehu, ya kuma rubuta sharuɗɗan naɗa shugaba, bai ji daɗin yadda aka yi ba. Bai ɗaga tuta ba, bai tara runduna ba, sai ya koma Gwandu, aka yi 'yan shekaru ana zaman doya da manja. Bayan haka mutanen Abdussalami suka yi ƙarfi a Kalambaina kusa da Gwandu, Bello ya zo da rundunarsa ya taimaki baffansa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan aka kashe wutar da ta iya cinye daular tun tana jaririya.

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, shi kuwa ya duƙufa ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a 1829, can kabarinsa yake.

Littattafan nan sun yi fiye da shekara ɗari suna yawo a rubutun hannu, almajiri yana kwafa daga malaminsa. Wani masani Baturen Ingila, Mervyn Hiskett, ya buga Ida'un Nusukh da fassarar Turanci a 1957, ya kuma fitar da Tazyinul Waraƙat a maɗaba'ar Jami'ar Ibadan a 1963. Liya'ut Ta'awil kuwa an buga shi a Alƙahira a 1961. Saboda haka mai neman sanin jihadi ba shi da uzurin tsayawa ga labarin baka. Mai riƙe da amanar jama'a kuwa, ko sarki ne ko alƙali ko ma'aikaci, zai sami abin auna kansa a wurin mutumin da ya fi tsoron ɓacin niyya a kan kibiyar abokin gaba.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya haskaka kabarinsa, ya amfani Musulmi da iliminsa, amin.