Thurgood Marshall: Lauyan da Ya Fara da Adabi

A Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare kamar yadda ake yi a nan. Sai ɗalibi ya fara yin digiri a wani fanni, ya zaɓi babban darasi da ƙarami, sannan ya yi shekara uku a makarantar lauyoyi. Wannan zaɓi ne ya ja hankalina ga tarihin Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka.

An haife shi a Baltimore a 1908. Mahaifiyarsa malamar makaranta ce, mahaifinsa kuwa mutum ne mai son zuwa kotu kallon shari'a, ya dawo gida ya ja 'ya'yansa da musu. Uwar ta so ya zama likitan haƙori, amma a Jami'ar Lincoln sai ya karkata ga adabi da falsafa, ya yi fice a ƙungiyar muhawara. Ya gama a 1930, shekarar da Nnamdi Azikiwe shi ma ya karɓi digirinsa a wannan jami'a.

To, a nan fa aka samu cikas. Makarantar lauyoyi ta Jami'ar Maryland tana garinsu, amma ba ta ɗaukar baƙar fata. Sai ya tafi Jami'ar Howard a Washington, kullum yana zuwa yana dawowa a jirgin ƙasa. Mahaifiyarsa har zoben aurenta ta jinginar don kuɗin makaranta. A 1933 ya fito na ɗaya a ajinsu, a 1935 kuma shi da malaminsa Charles Houston suka kayar da Jami'ar Maryland a kotu, aka tilasta mata ɗaukar wani ɗalibi baƙar fata, Donald Murray.

Babbar nasararsa ita ce shari'ar Brown ta 1954, wadda ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙe. Abin lura, ba da littattafan doka kaɗai ya shiga kotu ba. Ya nemo masana tarihi, ya kuma kawo binciken Kenneth da Mamie Clark, masana halayyar ɗan Adam, waɗanda suka nuna wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, da yawa suka fifita farar. Da haka ya nuna cewa wariya tana cin zuciyar yaro. Cikin shari'u 32 da ya tsaya a gaban Kotun Ƙoli, ya ci 29. An naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli a 1967, ya rasu a 1993.

Ni da nake shekarar ƙarshe ta difloma, ina da burin karanta lauya, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a harabar nan. Sau nawa muke jin ana cewa darussan GNS ɓata lokaci ne? Ko mai Akanta ya ce hanyar lauya ta wuce shi? A ganina tarihin Marshall ya amsa wannan. Lauya da magana da rubutu da tunani yake cin abinci, kuma duk fannin da ya koya maka su, bai ɓata maka lokaci ba. Mai Akanta zai gane shari'ar haraji, mai safiyo zai gane rikicin fili.

Saboda haka in za ka zaɓi darasi, kada ka tambayi wanne ya fi sauƙin ci. Tambayi wanne zai sa ka yi karatu da yawa, ka yi rubutu, ka iya kare hujjarka a gaban jama'a.