Rafayel: Marayan da Ya Zana Ilimi da Halin Kirki

A wannan makon mun kawo muku tarihin Rafayel, mai zane ɗan ƙasar Italiya. An haife shi a garin Urbino a 1483. Mahaifinsa, Giovanni Santi, mai zane ne a fadar sarkin garin. Rafayel yana da shekara 8 mahaifiyarsa ta rasu, yana da 11 mahaifinsa ma ya bi ta. Maraici bai hana shi neman sana'a ba. Ya koyi aiki a hannun gwani Perugino, sannan ya tafi birnin Florence ya ƙara gogewa.

A 1508 Fafaroma Juliyas na Biyu ya kira shi Roma domin ya ƙawata ɗakunan fadar Vatican. A ɗaya daga cikinsu ya yi zanen da ake kira Makarantar Atina, tsakanin 1509 da 1511. A tsakiyar zanen Aflatun yana nuna sama da yatsa, alamar neman gaskiyar da ido ba ya gani. Almajirinsa Aristotal kuwa ya miƙa hannu wajen ƙasa, alamar ilimin da ake samu ta lura da duniya. A gefe, Yuklid ya duƙa da kamfas yana koya wa yara lissafi a kan allo. Akwai kuma wani mai rawani da masana ke ɗauka Ibn Rushd ne, malamin Andalus da ya yi sharhin littattafan Aristotal.

Abin da ya fi jan hankalinmu yana wani bangon ɗakin. A can ya zana kyawawan halaye a siffar mata. Hangen nesa tana duba madubi, kuma tana da fuska biyu, ta budurwa a gaba, ta tsoho a baya, don mai hankali yana waiwayen jiya kafin ya tunkari gobe. Kamun kai tana riƙe da linzami. Jarumta na tare da zaki. Adalci kuma tana saman ɗakin da takobi da ma'auni.

Rafayel ya rasu ranar 6 ga Afrilu, 1520, yana da shekara 37, aka binne shi a ginin Pantheon.

'Yan uwa ɗalibai, a ɗaki guda ya haɗa ilimi da hali. Jarrabawa na tafe. Wanda ya ci ta da satar amsa ya saki linzami, takarda kawai zai riƙe.