Arthur Ashe: Gwarzon tanis da rikicin Dimka ya rutsa da shi a Legas

Ranar Litinin 16 ga Fabrairun 1976, kwana uku bayan yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka, wanda ya yi sanadin rasuwar Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammed, wasu sojoji suka kutsa filin Lagos Lawn Tennis Club ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora bakin bindiga a bayan ɗan wasan da ke riƙe da kambin Wimbledon, ya tasa ƙeyarsa waje. Wannan ɗan wasa shi ne Arthur Ashe, Ba'amurke baƙar fata. Daga nan gasar ta watse, sai daga baya aka ƙarasa ta a Karakas ta ƙasar Benezuwela.

An haifi Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond da ke Jihar Bajiniya, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare a makarantu da filayen wasa. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa ya ci gaba da riƙonsa shi da ƙanensa Johnnie. Uban mai kula ne da Brook Field, dandalin wasannin baƙaƙen fata, kuma a cikin harabar gidansu yake. A nan yaron ya fara tanis, kafin wani likita, Robert Walter Johnson, ya horar da shi a kan wasa da kuma haɗiye fushi.

A 1963 ya zama baƙar fata na farko a tawagar Amurka ta gasar Kofin Davis. Ya lashe gasar US Open a 1968 yana hafsan soja, bayan Johnnie ya zaɓi komawa yaƙin Biyetnam karo na biyu don kada a tura yayansa. Ya ci gasar Ostireliya a 1970, sannan ya doke Jimmy Connors a wasan ƙarshe na Wimbledon a 1975. Har yau babu wani namiji baƙar fata da ya ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan kofuna uku a wasan mutum ɗai-ɗai in ba shi ba.

Alaƙarsa da Afirka ta girmi abin da ya faru a Legas. A 1971 ya ga wani yaro mai suna Yannick Noah yana wasa a Yawunde, ya yi masa hanyar samun horo a Faransa, yaron kuwa ya lashe gasar Faransa a 1983. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sha hana shi biza, sai a 1973 ta bar shi ya shiga.

Ya auri Jeanne Moutoussamy, ƙwararriyar mai ɗaukar hoto, a 1977. Bugun zuciyar da ya same shi a 1979 ya tilasta masa barin wasa a shekarar da ta biyo baya. A ƙarshen 1986 suka ɗauki riƙon wata jaririya, suka raɗa mata suna Camera. Ba a cika shekara biyu ba likitoci suka gano yana ɗauke da cutar ƙanjamau, wadda suka danganta da ƙarin jinin da aka yi masa lokacin tiyatar zuciya ta biyu a 1983.

Ya rufe maganar fiye da shekara uku, musamman don gudun kada a tsangwami 'yarsa. Da ya ji jaridar USA Today na bin diddigin labarin, sai ya kira taron manema labarai ranar 8 ga Afrilun 1992, ya bayyana da bakinsa, matarsa na tsaye a gefensa. Watannin da suka rage masa ya ƙarar da su wajen wayar da kai game da cutar da rubuta tarihin rayuwarsa, Days of Grace, wanda ya rufe da wasiƙa zuwa ga Camera.

Ya rasu a New York ranar 6 ga Fabrairun 1993 yana da shekara 49, ya bar 'yarsa tana da shekara shida, daidai shekarunsa ranar da ya rasa mahaifiyarsa. Tun daga 1997, babban filin da ake buga wasan ƙarshe na US Open sunansa yake ɗauke da shi.