Edwin Chadwick, Wanda Ya Ɗora wa Hukumar Gari Nauyin Tsabta

An haifi Edwin Chadwick kusa da birnin Mancesta a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1800. Ya koyi aikin lauya, a 1834 kuma aka naɗa shi magatakardan hukumar da ke lura da taimakon matalauta. A nan ne ya ga mata da marayu da yawa suna cin kuɗin hukuma domin zazzaɓi ya kashe masu gidansu. Sai ya ƙudura a ransa, tare ciwo ya fi ciyad da marayu araha.

A zamanin nan mutane suna ta kwararowa birane neman aikin masaƙa. Gidaje a cunkushe, salga ta cika ta tumbatsa, juji a ƙofar gida, ruwan sha kuwa gurɓatacce. Ko mutum ya share gidansa, ƙazantar maƙwabci ta komo masa, gama ba wata hukuma guda da ke da ikon gyara gari duka.

A 1842 Chadwick ya fitar da rahotonsa. Ya nuna in aka haɗa shekarun waɗanda suka mutu a gidajen leburorin Mancesta, yara da manya, aka raba daidai, kowa shekara 17 ya samu. A karkarar Rutland kuwa 38 ne. Majalisa ta yi ta jan ƙafa, sai da kwalara ta sāke tasowa a 1848 sa'an nan aka yi dokar lafiya. Dokar ta ba gari iko ya kafa hukumar lafiya tasa, ta karɓi haraji, ta jawo ruwa, ta gina magudana, ta kwashe shara, ta naɗa dubagari da likitan gari. Inda mutuwa ta wuce mutum 23 cikin 1,000 a shekara, ana iya tilasta wa garin.

Amma Chadwick ya yi babban kuskure. A zatonsa wari ne ke kawo ciwo, don haka ya sa aka kora ƙazantar Landan cikin kogin Tems, inda mutane da yawa ke samun ruwan sha. A 1849 kwalara ta kashe fiye da 14,000 a birnin. Likita John Snow ne ya nuna ta ruwa ciwon ke bi. Ga shi kuma Chadwick mai taurin kai ne, ba ya lallashi. Masu gidajen haya da manyan garuruwa suka ƙi shi, har a 1854 aka raba shi da aikin.

Duk da haka shukarsa ba ta mutu ba. Dokokin 1872 da 1875 suka mai da aikin nan wajibi a kan hukumomin garuruwa da na karkara. Sarauniya Biktoriya ta girmama shi a 1889, ya rasu a 1890 yana da shekara 90. Ya rayu har ya ga abin da aka kore shi dominsa ya zama dokar ƙasa.