Frank Yates, Mai Cike Gurbin Lissafi

Bara, a gonar kwalejinmu nan kusa da Kafanchan, muka shuka citta a fegi 12, taki iri 3, kowane iri fegi 4, don mu ga wanne ya fi. Ana gab da haƙa sai aladu suka tone fegi guda. Wani ɗalibina ya ce a rubuta sifiri, wani ya ce a watsar da aikin duka. Ni kuwa sai na ba su labarin wani Bature wanda ya warware irin wannan matsala tun da daɗewa.

Sunansa Frank Yates. An haife shi a Manchester ta ƙasar Ingila cikin 1902, ya yi karatun lissafi a Cambridge. Da farko malamin makaranta ne kamarmu. Cikin 1927 ya zo aikin safiyo a Gold Coast, watau Gana ta yanzu, inda ya ƙware wajen daidaita awon da ya saɓa wa juna. Rashin lafiya ya mai da shi gida. Cikin 1931 ya kama aiki a gonar gwaji ta Rothamsted ƙarƙashin R. A. Fisher, ya kuma gaje shi cikin 1933.

A can ma tsuntsaye da ɓarna su kan lalata fegi. Allan da Wishart sun nuna yadda za a yi da gurbi ɗaya cikin 1930, shi kuwa Yates cikin 1933 ya nuna yadda za a yi ko da gurbin ya yi yawa. Ga dabarar. A dubi abin da sauran fegin layin nan suka bayar, a dubi abin da takin nan ya bayar a sauran layuka, sa'an nan a zaɓi adadin da ya fi dacewa da su duka, watau wanda zai sa jimlar kuskure ta zama mafi ƙanƙanta. In gurbi biyu ne, a cike na farko da kintace, a lissafa na biyu, a komo kan na farko, har su daina sauyawa. Amma dole a rage ɗaya daga yawan shaidu saboda kowane gurbi, gama adadin da aka cike ba awo ba ne.

Yates da Fisher sun buga littafin jadawalin ƙididdiga cikin 1938. Cikin 1954 ya shigo da kwamfuta Rothamsted. Ya rasu cikin 1994.

To, akwai sharaɗi guda, wanda Donald Rubin ya bayyana sosai cikin 1976: sai an san dalilin ɓacewar. Aladu ba su zaɓi taki ba, saboda haka muka bi hanyar Yates, muka rubuta a fili cewa adadin nan ƙiyasi ne. Da takin ne ya ƙone cittar, da sifiri shi ne gaskiya.

'Yan'uwa malamai, haka abin ya ke a aji. Yaron da zazzaɓi ya hana jarrabawa, sifiri zalunci ne gare shi. Mu bincika dalili tukuna, sa'an nan mu ɗauki alƙalami.