Marigayi Leo Fender: Mai Gyaran Rediyon Da Ya Ba Jita Murya

An haifi Clarence Leonidas Fender ran 10 ga watan Agusta na 1909 kusa da garin Anaheim, a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Iyayensa masu gonar lemo ne. Yana ɗan shekara 8 wani ciwo ya cinye masa idon hagu, aka sa masa na gilashi. Aikin akanta ya koyo a makaranta, amma tun yana yaro ba abin da ke ɗaukar hankalinsa kamar kwance rediyo da mayar da ita.

Da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, aikin akantan ya kuɓuce masa, ga kuma iyali. Saboda haka a 1938 ya ranto dala 600 ya buɗe shagon gyaran rediyo a garin Fullerton. Nan makaɗa suka riƙa kawo masa lasifikokinsu da amfilifaya, watau na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti. Daga gyara sai ƙira. Zuwa 1946 ya kafa kamfani da sunansa, wanda ya fitar da jitar Telecaster a 1951 da Stratocaster a 1954. Abin mamaki, shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Makaɗa yake saurara, su kawo kukansu, shi kuma ya koma kan teburinsa ya nemi magani.

Babban kukan kuwa a lokacin shi ne sauti ya fita da ƙarfi kuma tangaran. Na'urorin zamanin da kwalabe suke aiki, irin waɗanda ke haske a cikin tsohuwar rediyo. Kowace na'ura tana da iyakar ƙarfin da za ta iya bayarwa. Muddin ba a kai iyakar ba, sautin tsirkiya yana fita kamar yadda ya shiga. In aka zarce ta, sai kwalaben su kasa, su datse kan sautin, ya fito da kaushi kamar gurnani. Masu kiɗan ƙauyen Amurka, waɗanda su ne manyan masu cinikinsa, aibi suka ɗauki wannan gurnani, haka shi ma Fender. Don haka ya yi ta ƙara wa na'urorinsa ƙarfi. A 1960 ya fitar da Showman, wadda makaɗin nan Dick Dale ya taimaka wajen gwada ta, shi da ya yi suna wajen ƙona na'urori saboda tsananin ƙara. A 1963 kuma Twin Reverb ta fito da wat 85 da lasifika biyu masu inci 12. Har yau ita ake buga misali da ita in ana maganar tsabtar sauti.

To, amma abin da ya guda shi ya ƙara masa suna. Makaɗa sun lura cewa ƙananan na'urorinsa, kamar Champ mai wat 5, da wuri suke kai iyakarsu, kuma gurnaninsu yana da daɗi a kunne, yana sa sauti ya daɗe bai mutu ba. Dabarar da suka gano, wadda ake bi har gobe, ita ce a murɗa na'ura zuwa daidai bakin iyaka. In makaɗi ya taɓa tsirkiya a hankali ko ya rage murya daga jikin jitar, sauti ya fito garau. In ya doka da ƙarfi, gurnani ya taso.

Daɗin daɗawa, akwai Bassman, wadda ya fitar a 1952 domin jita mai babbar murya, amma masu ƙaramar jita suka ƙwace ta. A 1962 wani mai kantin kayan kiɗa a Landan, Jim Marshall, ya kwaikwayi tsarinta da kayan da ya samu a Ingila, ya fitar da JTM45. Daga zuriyarta ne aka sami rugugin da Jimi Hendrix ya girgiza duniya da shi. Ke nan tsabtataccen sauti da mai gurnani duka daga shagon Fullerton suka samo tushe.

Rashin lafiya ya sa Fender ya sayar wa kamfanin CBS masana'antarsa a farkon 1965 a kan dala miliyan 13. Da ya sami sauƙi, zama ya gagare shi. Ya koma ƙira a kamfanin Music Man a shekarun 1970, daga bisani suka kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. Ko da ciwon karkarwa ya kama shi, bai daina zuwa wurin aiki ba.

Ya rasu ran 21 ga watan Maris na 1991 a Fullerton, yana da shekara 81.