Lars Onsager: malamin da aka sallama daga aji, ya warware lissafin da ya gagari masana

A shekarar 1928 jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ta ɗauki wani matashi ɗan ƙasar Norway domin ya koyar da 'yan ajin farko ilimin sinadarai. Zango ɗaya ya yi aka sallame shi, saboda ɗalibai ba sa fahimtar bayaninsa. Bayan shekara 40, a 1968, wannan malami mai suna Lars Onsager ya karɓi kyautar Nobel.

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1903 a birnin Oslo, mahaifinsa lauya ne. Ya yi karatun injiniyan sinadarai a Trondheim, ya kammala a 1925. A wannan shekarar ya tafi Zurich wurin shahararren masani Peter Debye, ya nuna masa kuskure a ƙa'idarsa kan yadda ruwan gishiri ke ɗaukar lantarki. Maimakon ya ji haushi, sai Debye ya ɗauke shi mataimaki.

Daga Johns Hopkins ya koma jami'ar Brown, inda a 1931 ya wallafa binciken da ya kai shi ga Nobel, amma a lokacin kaɗan ne suka kula da shi. A 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, ya sake rasa aiki. Jami'ar Yale ta karɓe shi, sai aka gano ba shi da digirin dakta, sai a 1935 ya samu. A Yale ɗin ya fuskanci tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya.

Ga tambayar. Idan aka ɗumama ƙarfe mai maganaɗisu, ƙarfin maganaɗisun yana raguwa, har ya ɓace baki ɗaya a ma'aunin zafi 770. Wannan wuri shi ne gaɓar sauyi. To da wane irin sauri ƙarfin ke raguwa yayin da ake kusantar gaɓar? Lamba guda ce ke ba da amsa, ana iya kiranta lambar gaɓar sauyi. A 1937 masanin Tarayyar Sobiyet Lev Landau ya fitar da ƙa'idar da ta ce lambar 1/2 ce. Ma'ana, in tazarar da ta rage zuwa gaɓar ta ragu sau 4, ƙarfin maganaɗisu zai dawo rabi.

Onsager ya gwada wannan a kan wani tsari da ake kira da sunan Bajamushe Ernst Ising. A kwatanta shi da gurabun dara masu yawan gaske, kowane gurbi da tsinke ɗaya da ke kallon sama ko ƙasa. Kowane tsinke yana son ya kalli inda maƙwabtansa huɗu ke kallo, zafi kuwa yana hargitsa su. Dokar ba ta da wuya, amma lissafa halin gurabun gaba ɗaya ya gagari kowa. A 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, Onsager ya wallafa cikakkiyar amsa, ba kintace a ciki. A 1948, a wani taro a jami'ar Cornell, ya rubuta sakamakon da ya shafi ƙarfin maganaɗisu a kan allo ba tare da ya bayyana hanyar da ya bi ba. Lambar da ta fito 1/8 ce: sai tazarar ta ragu sau 256 kafin ƙarfin ya dawo rabi. Ya yi wani ɓangare na aikin tare da Bruria Kaufman, kuma sai a 1952 Chen Ning Yang ya wallafa hujjar.

Wannan ya tabbatar da cewa ƙa'idar da aka dogara da ita tana kuskure a daf da gaɓar sauyi. Awon da aka yi ya kuma nuna wani abin mamaki. Ruwan da mai koko ke tafasawa a Kotobabi ko Nima, in aka kulle shi a tukunya mai ƙarfi har zafi ya kai 374, matsi ya ninka na iska kusan sau 218, bambancinsa da tururi yakan ɓace. Lambar wannan sauyi tana kusa da 1/3, haka ma ta maganaɗisu, alhali ruwa da ƙarfe ba su haɗa komai ba. Kenneth Wilson ya bayyana dalili a 1971, ya samu Nobel a 1982.

Onsager ya bar Yale a 1972 ya koma jami'ar Miami, ya rasu ranar 5 ga Oktoba 1976, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Abin da ya warware na shimfiɗaɗɗen fili ne, mai tsawo da faɗi kawai. Na abu mai tsawo da faɗi da kauri, irin ƙarfen da muke riƙewa a hannu, har yau babu wanda ya kawo cikakkiyar amsarsa. Kwamfuta ce ke kusantar lambar, wajen 0.326. Ɗaliban lissafi a Legon ko Kumasi, a Zariya ko Yamai, su san cewa tambayar tana nan tana jiran mai amsa.